Darasi na 7: Ciwon da Ba Ya Jiran Wayewar Gari

Duk wanda ya daɗe a ƙasar Daura ya san kowane lokaci na shekara da irin ciwon da yake zuwa da shi. Da damina ta kankama, daga watan Yuli har cikin kaka, zazzaɓin cizon sauro ne ke cika asibitoci da yara, gudawa na biye da shi. Hunturu ya shigo da ƙurarsa, sai tari da ciwon haƙarƙari, ga ƙunar wuta a wajen jin ɗumi. Da bazara kuwa, wajen Maris da Afrilu, sanƙarau da ƙyanda ake tsoro. Haka abin yake tun daga cikin birnin Daura har Sandamu da Zango da Baure da Mai'adua, har ma da 'yan uwanmu na tsallaken Kwangwalam.

Kusan duk waɗannan cututtuka suna da magani, kuma maganin yana kusa da mu. Abin da ya fi cinye rayuka shi ne kwana biyu ko ukun da ake yi a gida ana cewa "bari mu ga gobe". Ajali na Allah ne, babu mai ja da wannan, amma neman magani a kan lokaci aikin bawa ne. A wannan darasi za mu koyi rarrabe abu uku: ciwon da za a iya jinyarsa a gida, da wanda za a kai asibiti yau kafin a tashi aiki, da wanda ake saɓar mutum a tafi da shi nan take ko da tsakar dare ne.

Alamomi huɗu a jikin yaro

Ma'aikatan ƙaramin asibitin mazaɓa, irin waɗanda ake horarwa a makarantar koyon aikin lafiya ta Daura, suna bin wani tsari na duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fito da shi a shekarun 1990. Kafin su kai ga sunan ciwo, alamomi huɗu suke fara nema. Babu ɗaya a ciki da ke buƙatar na'ura, uwa tana iya ganinsu a ɗakinta.

Ta farko, yaro ya kasa shan nono ko ruwa. Wanda yake ihu yana ture kofi yana da sauran ƙarfi. Wanda ake magana a kai shi ne wanda aka sa wa nono a baki ya kasa tsotsa. Ta biyu, duk abin da aka ba shi ya amayar, ko cokali ɗaya bai zauna ba. Ta uku, jijjiga, wato taune-taune. Ta huɗu, jikinsa ya saki: barci mai nauyi, a tashe shi ya ƙi farkawa, ko idonsa biyu amma ba ya bin mahaifiyarsa da kallo. Ɗaya daga cikin huɗun nan ta isa. Ba a jiran ta biyu, ba a jiran maigida ya dawo daga gona ko kasuwa.

In jijjiga ta kama yaro, gida kan rikice, kowa da abin da yake kawowa. A kwantar da shi a gefen jikinsa don miyau ko amai ya fito waje, a sassauta masa riga, a janye wuta da duk abin da zai ji masa rauni. Kada a cusa masa cokali ko tsinke ko yatsa a baki. Ba zai haɗiye harshensa ba, haƙoransa kawai za a karya. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko jiƙo yana cikin wannan hali, domin huhu zai wuce. Kada a turara masa hayaƙi. A yi masa addu'a ana tafiya. Ko da ya farfaɗo ya nemi nono, a kai shi, don a gano abin da ya jawo ta.

Jaririn da bai kai wata 2 ba hukuncinsa daban ne, domin jikinsa ba ya nuna ciwo da ƙarfi. Zafin jiki kaɗan, ko jiki ya yi sanyi ƙalau, ko ya rage kama nono, ko cibiya ta yi ja tana ruwa, ko tafin hannu da na ƙafa su yi rawaya, duk na tafiya ne nan take. A nan kakanni ke da babban aiki. Yarinyar da ta zo wankan jego da ɗan fari takan ji kunyar buɗe baki ta ce ɗanta ba shi da lafiya. Inna ko Gwaggo da ke kula da ita su riƙa tambaya da kansu: sau nawa ya sha nono yau, ya yi fitsari kuwa?

Zazzaɓi

Mun saba da cewa duk zafin jiki maleriya ce, kuma akwai dalili. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duk duniya a Najeriya suke. Amma ciwon kunne yana kawo zazzaɓi, haka ciwon maƙogwaro, da ciwon mafitsara, da limoniya, da ƙyanda kafin ta feso, da sanƙarau. Wanda ya wuce kemis ya ce a haɗa masa na maleriya da taifot ba tare da gwaji ba, ya kashe kuɗi, kuma mai yiwuwa ainihin ciwon yana nan yana ci gaba.

Gwajin ba shi da wuya. Ma'aikaci zai goge ɗan yatsa, ya tsira shi, ya ɗiga jini a wani ɗan farin faifai, ya ƙara masa ruwan gwaji. Cikin minti 15 zuwa 20 layi zai fito. Layi biyu, akwai maleriya. Layi ɗaya, babu, sai a nemi dalili a wani wuri. In aka ce muku babu, kada ku ji kamar an hana ku magani. Wannan amsar ce za ta sa ma'aikacin ya leƙa kunne da baki, ya ƙirga numfashi, ya taɓa wuya.

In akwai, maganin da Najeriya ta koma wa tun 2005, bayan kulorakwin ya daina cin ƙwayar cutar, shi ne wanda ake kira ACT. Wanda aka fi bayarwa sau shida ake shan sa cikin kwana uku: na farko yanzu, na biyu bayan awa 8, sannan safe da dare na sauran kwana biyun. A sha shi bayan nono ko abinci mai ɗan maiƙo, domin ta haka ne yake shiga jiki sosai. In yaro ya amayar da shi cikin rabin awa, a sake ba shi, a koma a karɓi cikon. Kuskuren da ya fi yawa a gidajenmu shi ne yaro ya tashi yana wasa a rana ta biyu, sai a ɗaga sauran ƙwayoyin a ajiye wa ƙaninsa. Wanda aka katse wa magani ciwon zai dawo masa, shi kuma ƙanin rabin magani zai samu. A ƙarasa shi duka. Don saukar da zafi, farasitamol daidai nauyin yaro ya isa, tare da rage masa kaya da shafa masa ruwa mai ɗumi-ɗumi. Asfirin ba na yara ba ne. Kwana uku suka cika zazzaɓi bai sauka ba, a koma.

Maleriya tana da fuska ta biyu, mai shan jini. Ku buɗe tafin hannun yaron ku jera da naku, ku ja fatar idonsa ta ƙasa ku duba. In ya yi fari fat, ko fitsarinsa ya yi duhu, ko idanu sun yi rawaya, ko yana haki, ƙwaya ba za ta wadatar ba. Wannan sai allurar atesunet, wani lokaci da ƙarin jini, kuma a babban asibiti ake yin su. A wasu ƙananan asibitoci akan sa wa yaro ɗan ƙasa da shekara 6 maganin ta dubura kafin a tura shi. Wannan na riƙe shi ne a hanya, bai gama aiki ba.

Ƙasar Daura tana da tarihi a yaƙi da wannan ciwo. Maganin rigakafin damina da ake bi gida-gida ana ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, a Jihar Katsina aka fara gwada shi a Najeriya daga 2013, kuma Baure da Mai'adua suna cikin ƙananan hukumomin farko. Masu rabawa suna ba da na ranar farko da hannunsu, na rana ta biyu da ta uku a hannun uwa suke barinsa, kuma a nan ne amfaninsa yake ko ya cika ko ya zube. Yaron da ya sha rigakafin ya kuma yi zazzaɓi, shi ma gwaji za a kai shi.

Tari da ƙirga numfashi

Yawancin tari da mura suna wucewa da kansu cikin mako ɗaya ko biyu. Nono, ruwa mai ɗumi, share hanci, da ɗan zuma ga wanda ya wuce shekara ɗaya, sun isa. Jariri ba a ba shi zuma. Abin da ake tsoro shi ne murar ta sauka huhu ta zama limoniya, kuma hanyar ganewa tana hannunku in akwai agogo ko waya.

A jira yaro ya natsu, ba yana kuka ko shan nono ba. A ɗaga rigarsa a zuba wa cikinsa ido. Ɗagawa da sauka, ɗaya ke nan. Wani ya riƙe waya, a ƙirga har minti ɗaya cif, ba rabi a ninka ba, domin numfashin yara yakan yi sauri ya kuma lafa. Jaririn da bai kai wata 2 ba, 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa ƙasa da shekara ɗaya, 50. Daga shekara ɗaya zuwa 5, 40. Ya kai wannan adadi tare da tari, a kai shi yau. Maganinsa amoksisilin ne mai narkewa a cokalin ruwa ko nono, safe da yamma, har kwanakin da aka rubuta su cika.

Tun da rigar na ɗage, a dubi ƙasan haƙarƙari. Lafiyayyen yaro in ya ja numfashi ƙirji da ciki tare suke tasowa. In ƙasan ƙirjin yana lotsawa ciki a duk jan numfashi, ko ana jin ƙara daga maƙogwaro alhali yana kwance shiru, ko leɓɓansa sun canza launi, ba a kwana da shi. Tarin da ya wuce mako biyu kuma, ga yaro ko babba, gwajin tarin fuka yake buƙata, kuma gwajin da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati da aka ware.

Gudawa

"Haƙori ne" ta binne yara da yawa. Lokacin fitar haƙori shi ne lokacin da yaro ke rarrafe yana kai komai baki, shi ya sa gudawa ke yawa a wannan tsakanin. Ko mene ne sanadinta, abin da ke kisa a gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki, kuma yaro ƙarami kan ƙafe cikin yini ɗaya.

Tun zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992, ake koya wa iyaye mata ruwan gishiri da sukari, kuma har yau babu maganin da ya kai shi ceton yara a wannan ciwo. A wanke hannu da sabulu. A juye ƙunshin ORS ɗaya cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Ledar fiya-wata biyu masu rabin lita sun ba da lita ɗaya. A duba bayan ƙunshin, domin akwai na rabin lita. In babu ƙunshin kuma dare ya yi, a zuba ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri, a shafe ba a tula ba, a lita ɗaya. A ɗanɗana: gishirinsa kada ya wuce na hawaye. Bayan kowace gudawa, ɗan ƙasa da shekara 2 ya sha rubu'i zuwa rabin kofi, wanda ya fi haka rabin kofi zuwa kofi guda. Cokali-cokali ake bayarwa, da haƙuri. Ya yi amai, a dakata minti 10 a ci gaba a hankali. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo.

Tare da shi akwai ƙwayar zink, ɗaya a rana har kwana 10 zuwa 14, rabi ga wanda bai kai wata 6 ba. Tana rage kwanakin gudawar, tana kuma tsare yaro na wasu watanni, saboda haka ko gudawa ta tsaya a cika kwanakin. Kada a janye nono, kada a hana koko ko kunu da sunan hutar da ciki. Lemon kwalba ƙara gudawa yake yi. Kafso da filajin da ake saya barkatai ba su da aiki a gudawar ruwa. Wurinsu sai in ma'aikaci ya ga jini a bayan gida, wato atuni, ya zaɓi wanda ya dace.

Ga yadda ake gane ruwa ya yi ƙasa: idanu sun zurma, maɗiga ta faɗa, yana kuka babu hawaye, ya daɗe bai yi fitsari ba. A tsunkuli fatar cikinsa a saki. Ta koma nan da nan, madalla. Ta tsaya a tattare tana komawa a hankali, a tafi asibiti ana ba shi ruwan a hanya. Faɗawar maɗiga ƙishirwar jiki ce. Shafa mata magani daga waje ba zai ɗago ta ba, ruwa ne zai ɗago ta.

Babba kuma in gudawa ta ɓalle masa fara sol kamar ruwan wankin shinkafa, da amai, da ɗaurewar jijiyoyin ƙafa, a ɗauka kwalara ce. A 2021 fiye da mutum 100,000 aka yi zaton sun kamu a Najeriya, fiye da 3,500 suka rasu, kuma Katsina na cikin jihohin da ta fi taɓawa. Tana iya kayar da ƙato cikin awoyi. A fara ORS tun a gida, a garzaya don ƙarin ruwa, a kuma sanar da mai unguwa saboda a duba rijiyar da ake sha.

Wuya da maƙogwaro

Dattawan cikinku ba su manta 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya kama fiye da mutum 100,000 a ƙasar nan ya kashe fiye da 11,000, akasari a Arewa. Ya sake dawowa a 2017 ta Zamfara da Sakkwato da Katsina. Alamarsa zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, da matsanancin ciwon kai, da ƙin haske, da wuyan da ya ƙi sunkuyawa. Jariri wuyansa ba lalle ya sanƙare ba. Maɗigarsa ce kan kumburo. Awoyi ake lissafawa a wannan ciwo, kuma wanda aka makara da shi in ya tsira yakan rasa ji.

Mashaƙo, wanda ya ɓarke daga Kano a ƙarshen 2022 ya bazu har Katsina, yana zuwa da ciwon maƙogwaro, wuya ya kumbura, wata fata mai ruwan toka ta shimfiɗu a can ciki. Wanzamai mutanenmu ne masu daraja, amma wannan ba belu ba ne, kuma taɓa shi da aska jini zai ɓalle ya toshe numfashi. A kai asibiti, a kuma faɗi sauran yaran gidan don a duba su. Mashaƙo da ƙyanda duk suna cikin rigakafin da ake yi kyauta, na ƙyanda a wata 9 da wata 15.

Manya

Mai juna biyu da ta ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi da kumburin fuska, ko jijjiga, ko ɗan ya daina motsi, tafiya ce nan take. Dauriya ba ta da wuri a nan. Haka wanda bakinsa ya karkace farat ɗaya, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe. Kada a ba shi komai ta baki. Haka mai ciwon ƙirji da gumi, da mai sikila da zazzaɓi ya kama.

Saran maciji a gona: kada a ɗaure, kada a tsaga, kada a tsotse. A cire zobe, a tallafe gaɓar da sanda don kada ta motsa, a ɗauke shi. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, mutum yana iya zama garau sannan daga baya dasashi ya fara zubar jini, saboda haka jin sauƙi ba hujjar zama ba ce. Cizon kare a wanke da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, a je a yi allura. Ƙuna a yi ta kwarara mata ruwan sanyi minti 20, ban da ƙwai ko man goge baki ko baƙin mai.

A gaban ma'aikaci

Tarbiyyarmu ce in an ce "yaya mai jiki?" mu ce "da sauƙi". A gaisa haka, sannan a faɗi gaskiya dalla-dalla. Ga yadda wata uwa za ta yi bayani mai amfani:

"Likita, yau kwana biyu jikinsa da zafi. Jiya da magariba ya yi amai sau uku, tun asuba kuma bai kama nono ba. Na ba shi farasitamol da safe, ga kwalin. Kakarsa ma ta ba shi jiƙo."

Ta faɗi yaushe ya fara, da abin da ya canza, da abin da aka ba shi, ba ta ɓoye na gargajiya ba. Ma'aikacin kirki ba zai yi mata faɗa ba, domin wannan bayanin ne zai hana shi maimaita magani ko haɗa waɗanda ba sa jituwa.

In ya rubuta takarda ya ce a wuce babban asibitin da ke Daura, ko daga can a ce Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, mai nisan kimanin kilomita 80, wasu sukan karaya su ce an sallama musu mara lafiya, su juya gida. Turawa na nufin akwai abin da yake buƙata wanda babu a nan: jini, ko iskar oksijin, ko tiyata. A tafi da takardar, a riƙe jariri a jikin uwa don ɗumi, a ci gaba da ba shi nono in yana iya sha.

Sauran magana ta magidanta ce. Kafin ku tafi ci-rani ko fatauci, ku ba iyalinku izini a fili, a gaban mahaifiyarku ko wanku, cewa in ɗaya daga alamomin nan ta bayyana su fita ba sai an same ku a waya ba. Da kaka, in an sayar da wake ko gyaɗa, a ware kuɗin mota da na magani a ba uwargida ta adana.

Aikin gida

Yau da dare, ku sami lafiyayyen yaro yana barci ku ƙirga numfashinsa na minti ɗaya, ku rubuta adadin da shekarunsa a littafinku. Ku nemo mazubin da ke cin lita ɗaya daidai a gidanku ku yi masa alama. A shafin ƙarshe na littafin ku rubuta sunan asibitin da ya fi kusa da ku, ko yana buɗewa da dare, da lambar mai mota ko mai babur biyu da suka yarda a tashe su. Ku zo da littafin da mazubin a darasi na gaba, za mu haɗa ruwan gishiri da sukari tare a aji.